RIJIYAR SADAKA IN TA TSAYA, ALHAKIN WA NE?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da ruwa daga sama, ya taskace shi a ƙarƙashin ƙasa domin bayinsa da dabbobinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya saba bin hanyoyin karkara a ƙasar Hausa ya san wani abu da ido ya gaji da gani har ya daina lura da shi. A bakin gari ko kusa da masallaci za a tarad da dakalin siminti, da famfon tuƙa-tuƙa a tsakiya, da allon ƙarfe a gefe mai ɗauke da sunan ƙungiyar da ta yi aikin, da sunan bawan Allah da ya ba da kuɗin, wani lokaci har da roƙon a yi wa mahaifinsa marigayi addu'a. Allon yana nan daram, amma hannun famfon ya yi tsatsa, awaki suna kwance a kan dakalin, mata da yara kuwa sun koma kududdufin da aka ce an raba su da shi. Binciken da masana harkar ruwa suka yi a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara ya nuna cewa a kowane lokaci, tsakanin famfo 1 cikin 5 zuwa 1 cikin 3 na irin wannan ba ya ba da ruwa. Sau da yawa kuma abin da ya tsai da shi bai wuce wata 'yar roba da ta cinye a cikin silinda ba, ko sarƙa da ta tsinke, abin da kuɗinsa bai kai na ragon da aka yanka ran bikin buɗewa ba.

To, a nan akwai mas'ala ta addini wadda ya kamata a tsaya a kanta. Mutum ya fid da dukiyarsa da niyyar sadaka mai gudana, ya danƙa wa wata ƙungiyar agaji ko gidauniya, ita kuma ta haƙa rijiyar, ta ɗauki hoto ta aika masa, ta wuce gaba. Bayan shekara ɗaya ko biyu ruwa ya tsaya. Shin sadakar tana gudana har yanzu? In kuwa ta tsaya, wa za a tambaya ran gobe: mai kuɗin, ko ƙungiyar, ko mutanen garin?

Asalin maganar sananne ne. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, hadisin da ke nuna cewa aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa ban da abu uku, watau sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Malamai irin su Imamu Nawawi sun fassara sadaka mai gudana da waƙafi, wanda Malikawa suka fi kira hubusi. Falalar shayar da ruwa kuwa ba ta ɓuya ga kowa. Sa'adu ɗan Ubada, da mahaifiyarsa ta rasu, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ce ta fi, aka nuna masa ruwa, sai ya haƙa rijiya ya bayyana cewa ta mahaifiyarsa ce. Wannan ma ya isa ya kwantar da hankalin masu ganin kafa allo da sunan mamaci riya ce kai tsaye, domin aya ta 271 cikin Suratul Baƙara ta yabi sadakar da aka bayyana, ko da yake ta fifita wadda aka ɓoye. Sayyidina Usmanu kuma ya sayi rijiyar Ruma a Madina lokacin da mai ita ke sayar da ruwanta, ya bar ta ga Musulmi, gugansa bai fi na kowa haƙƙi a cikinta ba.

Amma fa a lura da kalmar. An ce mai gudana, kamar yadda ake cewa rafi yana gudana. Ladan niyya da ladan dukiyar da aka fitar, waɗannan sun riga sun shiga littafi, ba tsatsar da za ta ci su, kuma falalar Allah tana da yalwa. Sai dai abin da ya bambanta wannan sadaka da kwanon tuwon da aka miƙa wa almajiri shi ne ɗorewar amfaninta, malamai kuwa sun rataya ci gaban ladan a kan ci gaban amfanin. Saboda haka wanda ya ba da kuɗin rijiya ya kau da kai, bai sake tambayar halin da take ciki ba, ya yi sakaci da ainihin abin da ya fito nema. Ba a ce ya yi zunubi ba. An dai ce ya shuka gero ya tafi bai dawo noma ba.

Magabata sun gane wannan tun farko, shi ya sa waƙafi a wurinsu bai taɓa zama gini kawai ba. Lokacin da Sayyidina Umaru ya sami gona a Haibara, wadda ba shi da dukiyar da ta fi ta daraja, ya nemi shawarar Annabi, aka ba shi shawarar ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Ya yi haka bisa sharaɗin ba za a sayar ba, ba za a kyautar ba, ba za a gada ba. Sa'an nan ya ƙara wani sharaɗi da mutanen yanzu suka cika mantawa da shi: ya halatta wa mai kula da ita ya ci daga cikinta gwargwadon al'ada, ba tare da ya tara dukiya ba. Daga baya ya sa kulawar a hannun 'yarsa Hafsatu, uwar muminai. Ashe tun a waƙafin da malamai suka mai da shi ginshiƙin wannan babi, an ambaci sunan mai kula, an kuma yanka masa abin da zai riƙe shi a kan aikin.

Malaman fiƙihu sun ƙara gaba. Hukuncin da ya shahara a littattafansu shi ne, abin da za a fara fitarwa daga amfanin waƙafi shi ne kuɗin gyaransa, kafin a ba waɗanda aka yi dominsu ko ƙwandala. A wurin Malikawa, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halilu da sharhohinsa, ana bin sharaɗin mai waƙafi matuƙar ya halatta, amma in ya gindaya cewa kada a fara da gyara, to wannan sharaɗin ba a binsa, waƙafin ya inganta, sharaɗin ya faɗi. Dalilin a fili yake, domin bin irin wannan sharaɗi shi ne kashe waƙafin da hannun mai shi. Wanda ya auna wannan hukunci da yadda ake haƙa rijiyoyin sadaka a yau zai ga cewa yawancinsu an gina su ne a kan wancan sharaɗi da malamai suka soke, sai dai ba a furta shi da baki ba: duk kuɗin ya ƙare a haƙa da siminti da allo, ba a bar wa gyara kome ba.

Mahajjata na da sun san ruwan Zubaida. Zubaida, matar Halifa Haruna Rashidu, wadda ta rasu a shekara ta 216 bayan Hijira, daidai da 831, ita ta sa aka jawo ruwa ta magudanai daga Wadi Nu'umana zuwa Arfa, ta kuma sa aka yi rijiyoyi da tafkuna a hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka. Wannan ruwa ya shayar da baƙin Allah fiye da shekara 1000. Ba don duwatsun ba sa rushewa ba ne. Ambaliya ta sha cike magudanan da yashi, girgizar zamani ta sha karya su, amma kowane ƙarni sai an sami wanda ya ɗauki nauyin gyara, ciki har da Mihrimah, 'yar Sarkin Daular Usmaniyya Sulaimanu, wadda ta kashe dukiya mai yawa a kansu a ƙarni na 16. Sunan Zubaida ne ya tsaya a bakin mutane, masu yasar yashin kuwa Allah kaɗai ya san adadinsu.

To me ya sa ƙungiyoyin zamani, waɗanda da yawansu mutanen kirki ne ke tafiyar da su, suka fi son sabon gini bisa ga gyara? Amsar tana komawa ga masu bayarwa. Ƙungiya da kuɗin mutane take rayuwa, kuma ta san abin da ke buɗe aljihu. Sabuwar rijiya tana da hoto, tana da ranar buɗewa, tana da allon da za a rubuta suna. Sauya roba a tsohon famfo ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. In ƙungiya ta ce wa attajiri ya kawo kuɗin gyaran rijiya 20 da wasu suka haƙa, da wuya ya saurare ta, alhali da kuɗin sabuwa guda ɗaya ana iya ta da tsofaffi da dama. Nan ne ya kamata mai bayarwa ya binciki zuciyarsa, ya tambaye ta ko ruwan take so ya gudana, ko sunan.

Wannan cuta ba ta Musulmi kaɗai ba ce, kuma ba ta ƙananan ƙungiyoyi kaɗai ba ce. An taɓa ƙirƙiro wani famfo a Afirka ta Kudu mai suna PlayPump, wanda aka yi shi kamar lilon juyi na yara, da nufin yara na wasa ruwa na hawa tanki. Abin ya burge manyan masu kyauta ƙwarai, har a watan Satumba na 2006 Laura Bush, matar shugaban Amurka na lokacin, ta sanar da gudummawar dala miliyan 16.4 domin yaɗa shi. Da aka kai shi ƙauyuka, musamman a Mozambik, sai aka tarar a wasu wurare an cire famfon hannu mai aiki an kafa shi ba tare da an shawarci mutanen garin ba, yara sun gaji da wasan, mata har da tsofaffi su ke tura lilon da hannu, in ya lalace kuma ba mai iya gyarawa a kusa. A 2009 wata jaridar Ingila ta lissafa cewa kafin a cika alkawarin da aka yi na yawan masu shan ruwan, sai yara sun yi wasa awa 27 a kowace rana. Kafin 2010 ta ƙare ƙungiyar da ke tara kuɗin a Amurka ta naɗe tabarmarta. Ba wanda ya ce masu kuɗin mugunta suka nufa. Sun ba da abin da ya faranta musu rai ne, ba su tambayi mai ƙishirwa ba.

Gwamnatoci ma sun bi wannan hanya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 1981 zuwa 1990 domin samar da ruwan sha, a Nijeriya kuma gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar samar da abinci da hanyoyi da raya karkara, wadda aka fi sani da DFRRI, a 1986. An haƙa rijiyoyin burtsatse masu yawa a wancan zamani, dattawan ƙauyuka da yawa kuwa suna iya nuna inda gawarwakinsu suke.

Ita ƙungiya, a ma'aunin shari'a, wakiliya ce, dukiyar da ke hannunta kuma amana ce. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa ma'aji amintacce, wanda ke miƙa abin da aka umurce shi cikakke da daɗin rai ga wanda aka nufa, yana cikin masu sadakar. Wannan babban matsayi ne, amma sharaɗinsa cikawa. Hausawa na cewa rijiya ta bayar guga ya hana, ƙungiya kuwa ita ce gugan da ke tsakanin mai dukiya da mai bukata. Hanawar ba sai ta sata ba. Ƙungiyar da ta karɓi kuɗi da sunan sadaka mai gudana, alhali ta san ba ta da tsarin komawa garin, ta kuma yi shiru ba ta gaya wa mai kuɗin ba, ta sayar masa da abin da ba ta da shi. Wadda ke rubuta a rahotonta cewa ta shayar da mutum dubu kaza, tana ƙirga har da rijiyoyin da ta san sun mutu, ta shigar da ƙarya cikin aikin lada. Haka nan wadda ta haƙa a ƙofar gidan mai faɗa a ji domin samun shiga, ta bar unguwar da ta fi nisa da ruwa.

Sai dai adalci ne a faɗi uzurinta. Akwai masu bayarwa da ke ɗaure fuska in suka ji an cire wani abu domin albashin ma'aikaci, ko man babur, ko kuɗin makaniki, suna cewa su dai kowane kobo ya shiga ramin. Wannan taƙawa ce da ba ta da fiƙihu. Allah da kansa, a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, ya yanka wa ma'aikatan zakka rabo a cikinta, Sayyidina Umaru kuma ya ciyar da mai kula da waƙafinsa. Wanda ya hana ƙungiya kuɗin zagayawa shi ne ya hana ta komawa duba rijiyarsa. A nan ya dace a tuna, tun da an ambaci zakka, cewa jumhurun malamai, har da Malikawa, ba su yarda a haƙa rijiya ko a gina masallaci da ita ba, domin haƙƙin waɗansu mutane ne ambatattu da za a mallaka musu. Ƙungiyar da ke haɗa zakka da sadaka a tukunya ɗaya ta kiyaye.

Saura mutanen gari, waɗanda aka fi ɗora wa laifi, ana cewa an yi musu alheri sun kasa riƙewa. Kafin a yanke musu hukunci a tuna yadda suke da rijiyarsu ta gargajiya. Wannan ba a taɓa jin sun jira baƙo ya zo ya yashe musu ita ba. In ruwa ya ja da bazara mai unguwa zai sa a yi shela, samari su fito gayya, a zura mai shiga da igiya, a kwashe laka da gugunan da suka faɗa, mata su kawo fura. Sun yi haka ne domin su suka haƙa ta, sun san cikinta, kayan gyaranta kuma suna kasuwar garin. Famfon da aka sauke musu daga mota, ba a tambaye su inda za a kafa ba, ba a nuna wa kowa yadda ake kwance shi ba, kayan gyaransa kuma sai a birni, ba abin mamaki ba ne in sun ɗauke shi kayan mai allo, suna jiran ya dawo. Masu ƙera famfo ma sun gane haka, shi ya sa a farkon shekarun 1980 aka ƙirƙiro samfurin Afridev a Malawi da Kenya, wanda mutum biyu na ƙauye za su iya zaro sandunansa su sauya roba da sifana guda. Duk da haka uzurin yana da iyaka. Garin da ke iya tara kuɗin kiɗan biki ko na tarbar ɗan siyasa, amma ya bar 'ya'yansa suna shan ruwan da shanu ke fitsari a ciki saboda 'yar roba, shi ma yana da tambayar da zai amsa, domin kiyaye abin da jama'a ba sa rayuwa sai da shi farilla ce ta kifaya, in kowa ya bari kowa ya ɗauki alhaki.

Daga nan wata mas'ala ke tasowa, wadda ta sha raba kan mutanen gari: ya halatta a karɓi kuɗi a bakin rijiyar sadaka? Masu hanawa suna kafa hujja da hadisin da ya nuna mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, da kuma hanin da aka yi game da sayar da rarar ruwa. Hujjarsu tana da ƙarfi in ana nufin wani ya mai da rijiyar hanyar cinikinsa. Amma karo-karon da ake tarawa domin gyara ba farashin ruwa ba ne, kuɗin igiya ne da guga, waɗanda tun zamanin kakanni mai ɗiba ke zuwa da nasa. Abin da ya wajaba shi ne a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa jama'a, kada kuma a kori gwauruwa ko maraya ko matafiyi ko makiyayi mai wucewa don ba shi da abin bayarwa. Rijiyar da aka hana wa matalauci ta fita daga niyyar wanda ya haƙa ta.

Ko da an yi wannan, kada a ɗauka kwamitin gari maganin kome ne. An ga wurare da yawa da aka naɗa kwamiti ran buɗewa, aka tara kuɗi wata uku, sa'an nan ma'aji ya ranta domin bikin 'yarsa, sakatare ya tafi cin rani, magana ta mutu. Saboda haka ne wasu suka koma ga ɗaukar makaniki mai albashi wanda ke zagaya garuruwa da yawa da babur. An gwada haka a yankin Kitui na Kenya tare da masana daga Jami'ar Oxford, aka ga kwanakin da famfo ke yi a lalace sun sauko daga kusan wata guda zuwa ƙasa da kwana 3. Wannan ba wani abu ba ne illa mai kula da waƙafi da magabata suka sani, an ba shi babur da wayar hannu. Kuma irin aikin da ya fi dacewa da gidauniyoyin Musulmi da hukumomin zakka da waƙafi na jihohi irin su Sakkwato da Kano da Zamfara ke nan: shago guda ko gona guda da aka tsare, hayarta na biyan makaniki da kayan gyara, tana iya riƙe rijiyoyin gunduma shekara da shekaru.

Wanda ke shakkar amfanin ƙungiyar da ta zauna ba ta gudu ba, ya dubi labarin kurkunu. Dattawa sun san wannan cuta da ake sha a ruwan kududdufi, bayan kamar shekara guda tsutsa mai tsawon da ya kai mita ta fasa ƙafa ta fito, ta kwantar da manomi daidai lokacin da gonarsa ke bukatarsa. Ba ta da allura, ba ta da ƙwayar magani. Cibiyar Carter, ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, ta shiga yaƙi da ita a 1986, lokacin da aka ƙiyasta masu ɗauke da ita miliyan 3.5 a duniya. Ƙidayar farko da aka yi a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980 ta gano fiye da mutum 650,000. Makaman yaƙin kuwa su ne ƙyallen tace ruwa, da 'yan sa-kai daga cikin mutanen kowane ƙauye masu rubuta duk wanda ya kamu, da komawa wata bayan wata, har Janar Yakubu Gowon ya riƙa bin ƙauyuka da kansa. An ga mai cutar na ƙarshe a Nijeriya a watan Nuwamba na 2008, a Disamba na 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da ita. Shekara 20 ke nan na aikin da ba shi da ranar yanka kirtani. Nana A'ishatu ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, Musulmi kuwa su suka fi cancanta su riga kowa aiki da wannan.

Akwai wata tambaya da magada kan kawo wa malamai. Mahaifinsu ya haƙa rijiya a wani gari ya rasu, yanzu ta lalace, wani ya nemi ya gyara, su kuwa suna jin tsoron kada ladan ya koma wa mai gyaran, har wasu kan hana, su ce sai sun sami hali su yi da kansu, rijiyar kuma ta shekara a rufe. Wannan hanin ba shi da tushe. Rijiyar da aka riga aka bar wa jama'a ta fita daga abin da ake gado, magada ba su da ikon hana gyaranta. Mai gyara yana da ladan gyaransa, wanda ya haƙa kuma ramin nasa ne, bututun nasa ne, duk tulun da aka cika bayan gyaran ta cikin aikinsa ruwan ya biyo. In magadan suna son su yi wa mahaifinsu wani abu, to su nemi lambar wayar limamin garin ko mai unguwa, su riƙa kira sau biyu a shekara, da bazara da kuma bayan kaka, su tambaya ko ruwa na fita.